Hauka da Hankali Garau: Shekara 200 Ana Neman Sunan Wata Larura

A wani littafi da ya wallafa a 1801, likitan Faransa Philippe Pinel ya kawo labarin wani saurayi ɗan gata. Shi kaɗai uwarsa ta haifa, ta kuwa shagwaɓa shi har ya girma bai san a ce masa bari ba. In kare ko doki ko tunkiya suka ɓata masa rai, kashewa yake yi. In ya je taro, da wuya a watse bai yi faɗa da wani ba. Amma da zarar ya huce sai ka same shi mutum mai lissafi, yana kula da dukiyar da ya gada yadda ya kamata, har yana taimakon mabuƙata. Ƙarshenta wata mata ta gaya masa magana, ya ɗauke ta ya jefa a rijiya. Aka kai shi kotu, shaidu suka zayyana irin abubuwan da ya sha yi, aka yanke a tsare shi a asibitin Bicêtre na birnin Faris har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya ɗaure wa Pinel kai shi ne, a ilimin zamaninsa mahaukaci shi ne wanda tunaninsa ya ruɗe, yana ganin abin da babu, yana jin muryoyi, ko yana cewa shi sarki ne alhali tsumma ke jikinsa. Wannan saurayi kuwa babu ko ɗaya. Ka yi masa tambaya ya ba ka amsa daidai, ya san abin da ya aikata, ya kuma san laifi ne. To me za a kira shi? Pinel ya sa wa abin suna da Faransanci, ma'anarsa hauka ba tare da ruɗewar tunani ba. Masana tarihi sun nuna cewa da yawa daga mutanen da ya zuba a wannan rukuni, in da yau ne wani ciwo daban za a ce suna da shi. Duk da haka tambayar da ya buɗe ita ce har gobe ba a rufe ba.

A yau likitocin ƙwaƙwalwa suna taƙaita sunan wannan larura da haruffa huɗu, ASPD. In za mu faɗe ta da Hausa, sai mu ce larurar halin keta haƙƙin mutane. Kada sunan Turancin ya ruɗe ka, domin ka sha jin ana jingina shi ga mai kunya ko wanda ba ya son shiga jama'a. Wannan kuskure ne. Mai wannan larura sau da yawa ya fi kowa iya shiga mutane, ga fara'a ga daɗin baki. Matsalarsa ita ce haƙƙin wani ba ya tsayar da shi. Jerin alamomin da likita ke dubawa a yau kuma ba daga sama ya faɗo ba. An yi shekara kusan 200 ana ja-in-ja kafin a tsaya a kansa, kuma in ba ka san wannan rigima ba, da wuya ka fahimci dalilin da ya sa jerin ya kasance yadda yake.

A 1835 wani likita a birnin Bristol na Ingila, James Cowles Prichard, ya zo da nasa sunan, wanda za a iya fassarawa da haukan ɗabi'a. A ganinsa, kamar yadda tunani ke lalacewa, haka ma sashen da ke riƙe da tausayi da kunya da kamun kai zai iya lalacewa shi kaɗai, tunani ya zauna lafiya lau. Alƙalai da lauyoyi da dama ba su ji daɗin wannan magana ba, kuma ka san dalili. In mugunta ciwo ce, to kowane mai laifi sai ya nemo likita ya ce ba shi da lafiya. In kuma ba ciwo ba ce, me ya kawo likita cikin maganar? Wannan saɓani tsakanin asibiti da kotu ya bi larurar duk inda ta je.

Sai aka shiga zamanin da ya fi muni a tarihin. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma wani likitan Italiya mai suna Cesare Lombroso ya ɗauki irin wannan tunani ya mai da shi kimiyya. Ya ce a farkon shekarun 1870 yana duba ƙoƙon kan wani fursuna ɗan kudancin Italiya, Giuseppe Villella, sai ya ga wani ɗan rami a gindin ƙoƙon irin wanda ake samu a wasu dabbobi. Daga nan ya gina ra'ayin da ya wallafa a 1876, cewa akwai mutanen da da laifi aka haife su, sun koma baya zuwa ga halittar mutanen farko, kuma ana iya gane su da ido: babban muƙamuƙi, faffaɗan kunnuwa, dogayen hannuwa, zane a jiki. Ra'ayin ya karɓu ƙwarai a Turai da Amurka, don ya yi wa masu mulki daɗi. Kamannin da yake lissafawa ai na talakawa ne da baƙi da mutanen da dama can ake raina su.

Wani likitan gidan yari a Ingila, Charles Goring, shi ya zauna ya gwada maganar. Ya auna fursunoni kusan 3,000, ya kwatanta su da sojoji da ɗaliban jami'a da marasa lafiya a asibiti, ya fitar da sakamakon a 1913. Bai samu wata kama ta musamman da ta raba mai laifi da sauran mutane ba. Ashe ɗayan karin maganar ce ta yi gaskiya, mugu ba shi da kama.

Sai dai kafin a kai nan ɓarna ta riga ta shiga doka. A wannan shekara ta 1913 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ƙirƙiro rukunin mutanen da ta kira dolaye ta fuskar ɗabi'a, waɗanda za a iya tsarewa ba tare da wa'adi ba. Cikin waɗanda dokar ta cinye har da 'yan mata matalauta da suka haihu ba aure, wasunsu suka yi shekaru gommai a kulle. A Amurka jihar Indiyana ta fara dokar yi wa mutane aikin hana haihuwa dole a 1907, wasu jihohi suka bi, har adadin waɗanda aka yi wa ya haura 60,000. Hujjar ita ce laifi da raunin hankali a jini suke. Ka riƙe wannan, don za mu dawo kan maganar gado, kuma za ka ga me ya sa masu bincike na yanzu suke taka-tsantsan da ita.

Likitocin Jamus su ma sun sa hannu. Daga wajensu kalmar saikofat ta yaɗu a ƙarshen ƙarni na 19, amma a lokacin tana nufin kusan duk mai baƙon hali, har da mai yawan fargaba da mai baƙin rai. A 1930 Ba'amurke George Partridge ya tallata kalmar sosiyofat, don a nuna cewa matsalar tana tsakanin mutum ne da al'ummarsa. Sunaye sun yi yawa, ma'ana ta yi faɗi, kowane likita da abin da yake nufi.

Wanda ya zana hoton da ya zauna a zukatan mutane shi ne Hervey Cleckley, likitan ƙwaƙwalwa a garin Augusta na jihar Jojiya. Littafinsa na 1941, The Mask of Sanity, sunansa kawai ya isa bayani: fuskar lafiya ce aka ɗaura a kan wani abu da ya lalace a ciki. Mutanen da ya bayyana yawancinsu ba makasa ba ne, kuma wannan ya saɓa da abin da finafinai suka koya maka. Mutum ne da zai ci bashi ya rantse gobe zai biya, ya rubuta cekin bogi, ya bar matarsa da yara ba ko sallama, a kama shi, ya yi bayani mai ratsa zuciya har ɗan sanda ya ji tausayinsa, a sake shi, bayan sati biyu ya maimaita. Sau da yawa abin da ya samu bai kai asarar da ya jawo wa kansa ba. A kai shi asibiti, likitoci su gwada su ga hankalinsa ƙalau, su sallame shi. A kai shi kotu, dangi su ce ai ba shi da lafiya. Cleckley ya kawo misalan irin wannan hali har cikin 'yan kasuwa da masana kimiyya da likitoci. A bugun littafin na baya ya tsaya a kan siffofi 16, kuma waɗanda suka fi nauyi a cikinsu na zuci ne: rashin nadama, rashin kunya, ƙauna marar zurfi, da kasa ɗaukar darasi daga abin da ya faru.

Wannan siffa ta ƙarshe ita David Lykken ya kai ɗakin gwaji a jihar Minesota a 1957. Yakan kaɗa ƙararrawa sannan ya ɗan ja mutum da lantarki, yana auna gumin fatarsa. Kai da ni, bayan an yi haka sau kaɗan, ƙarar kaɗai ta isa ta sa jikinmu ya tsorata. Fursunonin da suka dace da bayanin Cleckley kuwa jikinsu bai cika amsawa ba. Sun ji zafin, amma tsoron zuwansa bai kama su sosai ba. In ka yi tunanin yadda ake tarbiyyar yaro, za ka ga girman wannan. Yawancin yara suna barin abu ne don gudun ɓacin ran uwa ko bulalar uba. Yaron da wannan tsoro ya yi masa ƙaranci, duka ba ya koya masa abin da ake so ya koya.

To amma ta yaya likita zai auna rashin nadama a zuciyar mutumin da ƙarya ce sana'arsa? Likitoci biyu su duba mutum ɗaya, kowa ya fito da nasa hukunci. Amsar da ta sauya komai ba daga likita ta zo ba. Wata masaniyar zamantakewa ce a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis, Lee Robins.

A shekarun 1950 aka samu tarin tsofaffin fayiloli na wani asibitin kula da kangararrun yara na birnin, waɗanda ake shirin zubarwa. Na yaran da aka kai wurin ne a shekarun 1920. Robins da abokiyar aikinta Patricia O'Neal suka ɗauki fayil 524, suka haɗa da wasu yara 100 'yan makaranta na unguwanni iri ɗaya waɗanda ba a taɓa kai su asibitin ba, suka shiga neman su bayan shekara 30. Aikin ba ƙarami ba ne. Sun bi takardun 'yan sanda da na kotu da na soja da na asibitoci, suka gano kusan kashi 90 cikin 100, suka zauna da mafi yawansu suka yi hira. Sakamakon ya fito a littafi a 1966.

Abu biyu ta gano, kuma sai ka riƙe su tare, don in ka saki ɗaya ɗayan zai ɓatar da kai. Na farko, kusan babu wani babba mai wannan larura da bai fara tun yana yaro ba. Ba a wayi gari mutumin kirki ɗan shekara 35 ya zama haka. In ka ga irin wannan sauyi kwatsam, a nemi wani dalili, ko buguwa a ka, ko ƙari a ƙwaƙwalwa, ko shaye-shaye, ko wani taɓin hankali daban. Na biyu, mafi yawan kangararrun yara ba su girma sun zama masu larurar ba. In ka tsaya a wurin babba ka waiga baya, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya. In ka tsaya a wurin yaro ka hanga gaba, hanyoyi ne da yawa, kuma galibinsu ba can suke kaiwa ba. Ta kuma ga cewa yawan nau'o'in rashin jin da yaro ke yi ya fi talaucin gidansu nuna inda zai ƙare, sannan uba mashayi ko mai irin wannan hali yana ƙara haɗarin.

Darasin da likitoci suka ɗauka daga Robins shi ne a bar ƙoƙarin karanta zuciya, a ƙirga ayyuka. Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa, DSM, a bugunsa na farko na 1952 ya cusa wannan larura a buhu ɗaya da shan giya da shan ƙwaya. A bugu na 3 na 1980, wanda Robins ta taimaka wajen tsara wannan sashe nasa, aka koma ga abubuwan da za a iya tabbatarwa da shaida. Wannan tsari ne ya zo har bugu na 5 na 2013.

Ga yadda yake a yanzu. Alamomi 7 ne, ana buƙatar aƙalla 3. Mutum yana ta aikata abin da zai sa a kama shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yana yawan ƙarya da damfara, har da amfani da sunan bogi, don riba ko don jin daɗi kawai. Yana yin abu da zarar ya zo masa a rai, ba ya tsara gobe. Ga saurin fushi da kai hannu, faɗa a waje, duka a gida. Ba ya damuwa da lafiyarsa ko ta wasu, irin mai tuƙin ganganci da yara a mota. Ba ya riƙe amana ko nauyi, aiki ba ya ɗorewa, bashi ba ya biyuwa, iyali ba sa ganin cefane alhali yana da hali. Ta bakwai ita ce ragowar gadon Cleckley, wato rashin nadama. In ka tuna masa wanda ya cuta, ko dai ya nuna ko a jikinsa, ko ya ce ai shi ya jawo, wa ya ce ya yarda da ni.

Sharuɗɗan da ke kewaye da jerin sun fi jerin kansa muhimmanci, kuma su ne mutane ke tsallakewa. Dole mutum ya kai shekara 18. Dole a samu shaidar cewa tun kafin ya cika 15 yana da matsalar ɗabi'a mai tsanani, irin su cin zalin yara, azabtar da dabbobi, sata, cinna wuta, gudu daga gida ko daga makaranta. Dole halin ya zama ya ratsa rayuwarsa duka, gida da kasuwa da wurin aiki, shekara da shekaru. Sannan kada ya zama a lokacin wani taɓin hankali ne kawai yake yin haka. Ka ga ke nan tsohon saurayin da ya yaudari ƙanwarka, ko maigidan da ya hana ka albashi, abin da ya yi maka bai isa hujja ba. Likita ma ba ya yanke wannan hukunci a zama ɗaya, sai ya ji daga dangi ya kuma duba tarihi. Alƙaluman da DSM ya kawo sun nuna tsakanin kashi 0.2 zuwa 3.3 cikin 100 na manya ne ke da larurar, kuma maza sun ninka mata.

Ba kowa ya gamsu da wannan gyara ba. Robert Hare, masanin halayyar ɗan Adam a Kanada wanda ya yi shekaru yana aiki da fursunoni, ya ce an sayi daidaito an sayar da ma'ana. In alamominka karya doka ne da faɗa da rashin aiki, ai gidan yari kawai ka siffanta. Akwai gaskiya a maganarsa. A 2002 Seena Fazel da John Danesh suka tattara bincike 62 daga ƙasashe 12, a kan fursunoni kusan 23,000, suka samu kashi 47 cikin 100 na maza da kashi 21 na mata sun cika sharuɗɗan. Hare ya fitar da nasa ma'aunin, wanda bugunsa da aka gyara ya fito a 1991: siffofi 20, kowace ana ba ta maki 0 ko 1 ko 2, kuma a Arewacin Amurka wanda ya kai 30 cikin 40 shi ake kira saikofat. Da wannan ma'auni adadin yakan sauko zuwa kashi 15 zuwa 25 na fursunoni. Saboda haka kalmomin biyu ba abu ɗaya suke nufi ba, ko da yake a hira ana cakuɗa su.

Shi kansa DSM ya yi gargaɗi cewa kada a liƙa sunan ga wanda halinsa dabarar tsira ce a wurin da rayuwa ta yi tsanani. Yaron da ya tashi a tasha yana sata don yunwa, ko matashin da ya shiga daba amma yana kuka in abokinsa ya mutu, yana kai wa uwarsa abin da ya samu, ayyukansa na iya cika jerin alhali zuciyarsa ba irin wadda Cleckley ya bayyana ba ce.

Wataƙila ka fara tunanin ko duk wannan ƙirƙirar Turawa ce. Wata masaniya mai suna Jane Murphy ta yi wannan tambaya, kuma rabin amsarta daga Nijeriya ta samo. Ta yi aiki a ƙauyukan Yarabawa na yankin Abeokuta a farkon shekarun 1960, cikin binciken haɗin gwiwa da asibitin Aro na Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ta kuma zauna da mutanen Yupik a wani tsibiri na Alaska. A maƙalarta ta 1976 a mujallar Science ta ruwaito cewa Yarabawa suna da kalmar arankan ga mutum mai taurin kai da ƙeta wanda ke bin son ransa ba ruwansa da kowa. Mutanen Yupik kuma suna da kunlangeta, mutumin da ya san abin da ya kamata amma ba ya yi, maƙaryaci, ɓarawo, wanda faɗa ba ya gyara shi. Al'ummomi biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba, kuma a duka biyun masu maganin gargajiya ba su ɗauke shi ciwon da suke iya warkarwa ba. Mu ma ai ba mu rasa tantiri da taƙadari da gagararre a bakinmu ba.

Saura babbar tambaya, me ke kawo ta? Masu cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe suna da hujja, masu cewa tarbiyya ce su ma suna da ita. Wahalar ita ce uban da ya ba ka jini shi ne yawanci ya rene ka, to ta ina za a raba? Ƙasar Denmark ta ba da dama, saboda tana ajiye bayanan 'ya'yan riƙo da na kotu da kyau. A 1984 Sarnoff Mednick da abokan aikinsa suka duba 'ya'yan riƙo 14,427. Cikin 'ya'ya maza, in babu wanda kotu ta taɓa kamawa da laifi a iyayen jini ko na riƙo, kashi 13.5 ne suka yi laifi. In iyayen riƙo ne kawai masu laifi, 14.7. In na jini ne kawai, 20. In duka biyun ne, 24.5. Gado yana da tasiri ke nan, amma duba lambar ƙarshe da kyau. Ko a rukunin da abu ya fi muni, uku cikin huɗu ba su yi laifi ba. Kuma alaƙar ta fito ne a laifukan dukiya, ba ta fito a na zubar da jini ba. Da aka tattara binciken tagwaye da 'ya'yan riƙo guda 51 a 2002, an ƙiyasta gado yana bayyana kusan kashi 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali. Sauran na muhalli ne.

An taɓa zaton an kama ƙwayar gadon da hannu. A 1993 Han Brunner ya bayyana wani dangi a ƙasar Holan da maza da yawa a cikinsa ke da saurin kai farmaki, aka samu wata ƙwayar gado mai suna MAOA ta daina aiki a jikinsu gaba ɗaya. Wannan yanayi ne da ba kasafai ake samunsa ba. Sai a 2002 Avshalom Caspi da Terrie Moffitt suka duba yara 'yan garin Dunedin na ƙasar New Zealand, su 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973 ake kuma bibiyarsu tun suna ƙanana. Suka ga maza masu nau'in MAOA mai rauni ba su fi kowa rashin ji ba, sai fa in an ci zalinsu a yarinta. Waɗanda suka haɗa abu biyun kashi 12 ne kacal na mazan, amma kashi 44 na hukuncin laifukan tashin hankali a kansu ya faɗa. 'Yan jarida suka yi ta kiranta ƙwayar mayaƙa, har wasu suka jingina ta ga ƙabilar Maori, abin da ya jawo suka mai zafi. Lombroso ne ya dawo da sabuwar riga. Binciken da ya biyo baya wani ya tabbatar da sakamakon, wani bai tabbatar ba, kuma fahimtar yanzu ita ce ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne ke taruwa, kowace da ɗan ƙaramin tasiri. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna maka mai wannan larura.

Ɓangaren muhalli ya fi fitowa fili: duka da wulaƙanci da sakaci a yarinta, tarbiyyar da yau a yi wa yaro dukan kawo wuƙa gobe a ƙyale shi a kan laifi ɗaya, rikicin iyaye, shan giya ko taba lokacin goyon ciki, gubar dalma, da abokan banza a shekarun balaga. Moffitt ta kuma raba matasa gida biyu tun a 1993. Akwai masu yawa da ke fara rashin ji da balaga su bari da sun girma, akwai 'yan kaɗan da suka fara tun suna ƙanana suka ɗore. Rukuni na biyu ne ke kaiwa ga larurar.

Hali zanen dutse, in ji Hausawa, kuma tarihin magani ya kusa ba su gaskiya. A asibitin Oak Ridge na lardin Ontario a Kanada, daga shekarun 1960 zuwa 1970, an riƙa kulle irin waɗannan mutane tsirara a ɗaki marar taga na kwanaki, ana ba su ƙwayar LSD, wai don a fasa fuskar a kai ga zuciya. Da aka bibiye su a wani bincike na 1992, masu makin saikofat da aka yi wa wannan magani sun fi waɗanda aka bari a kurkuku komawa ga laifin tashin hankali. Har yau babu ƙwayar da aka amince tana warkar da larurar kanta, sai dai a yi maganin abin da ke tare da ita, kamar shaye-shaye ko ciwon damuwa. Amma dutsen yana ɗan gogewa. Robins ta ga kusan biyu cikin biyar na mutanenta sun lafa da shekaru, galibi tsakanin 30 da 40, ko da yake faɗa da sata ne suka fi raguwa, zama da su bai zama mai daɗi ba. Inda aka fi samun nasara shi ne a yarinta, ta hanyar koya wa iyaye tarbiyya mai daidaito. A tsibirin Mauritius an ba yara 83 'yan shekara 3 zuwa 5 abinci mai gina jiki da motsa jiki da karatu na musamman na shekara biyu. Da suka kai 17 matsalar ɗabi'a ta yi ƙasa a cikinsu in an kwatanta da takwarorinsu, kuma amfanin ya fi fitowa a yaran da tun farko suke fama da ƙarancin abinci.

Maganar suna kuwa ba ta ƙare ba. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, an rushe rabe-raben larurorin hali gaba ɗaya. Yanzu likita zai fara tantance ko akwai larurar hali, sannan ya faɗi tsananinta, mai sauƙi ce ko matsakaiciya ko mai tsanani, sannan ya ambaci siffofin da suka rinjaya, ciki har da rashin damuwa da haƙƙin wasu da rashin kamun kai. Littafin Amurka kuma yana nan da alamominsa 7. Mutum ɗaya zai iya shiga asibitoci biyu a gari ɗaya, a rubuta masa suna biyu daban a fayil, gwargwadon littafin da ke kan teburin likita.